Yadda ake adana tsofaffin kwafin fayiloli na shekaru a saba biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Daura

Ofisoshi da yawa da ke cewa suna da ajiyar ko-ta-kwana, madubi kawai suke da shi. Kowane dare manhaja ta kwashe abin da ke kwamfutar ofis ta zuba a wani faifai, ta danne na jiya. Idan faifan kwamfutar ne ya mutu, wannan ya wadatar. To amma a ce akawu ya goge shafi guda a lissafin watan Fabrairu, ba a farga ba sai a Yuli da mai binciken kuɗi ya zo. Ko kuma ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga ranar Alhamis da yamma, madubin ya kwashe kullallun fayilolin da daddare ya danne masu lafiya. A nan ba kwafin jiya kake nema ba, na watannin baya kake nema, kuma madubi ba ya riƙe shi.

Abin da za mu haɗa shi ne saba biyu, wato kwamfutoci biyu da aka keɓe don karɓar ajiya, kowace da nata lissafin abin da za ta riƙe, kuma ta farko ba ta da ikon goge komai a ta biyu. Zan ɗauki misalin makaranta ko kamfanin sayar da magani mai babban ofis a cikin garin Katsina da reshe a Daura. Manhajar da zan yi amfani da ita restic ce: kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux, tana kulle duk abin da ta ajiye da kalmar sirri, kuma ba ta ajiye abu ɗaya sau biyu. BorgBackup ma tana yin kusan duk wannan. Wurin da manhajar ke tara ajiya zan kira shi rumbu, kowane zagayen ajiya kuma zubi.

Mataki na 1: Biro da takarda kafin kwamfuta

Ka zauna da mai wurin da akawu, ku rubuta kowane irin fayil da tsawon lokacin da dole a iya dawo da shi. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce kamfani ya riƙe takardun lissafinsa shekara 6. Sakamakon jarrabawar ɗalibai ba shi da ranar zubarwa, don tsohon ɗalibi na iya dawowa bayan shekara 15 yana neman takardarsa. Bidiyon kyamarar tsaro kuwa wata guda ya ishe shi, kuma kada ma ya shiga rumbu ɗaya da takardu, don shi zai cinye faifan.

Akwai ɗaya ɓangaren da ake mantawa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba. Saboda haka lambobin NIN da hotunan fasfo na waɗanda suka zo rajista sau ɗaya suka tafi, ka ware musu rumbu nasu mai gajeren wa'adi. Sun fi sauƙin zubarwa idan tun farko ba a cakuɗa su da lissafin shekara 6 ba.

Mataki na 2: Tsarin kaka, uba da ɗa

Ba wanda ke riƙe zubin kowace rana har shekara 7. Tsarin da aka daɗe ana bi tun zamanin kaset shi ne: na kusa a riƙe su da yawa, na nesa a tsame kaɗan. Zubin kullum shi ne ɗa, na mako uba, na wata kaka, a ƙara na shekara a sama. Ga lissafin da nake ba da shawara:

Sabar Katsina ta riƙe duk zubin kwana 30 na baya, na mako 8, na wata 12.

Sabar Daura ta riƙe duk zubin kwana 60, na mako 12, na wata 36, na shekara 7.

Me ya sa 7 ba 6 ba? Domin shekarar da ake ciki ma tana cin gurbi ɗaya.

Sai ka fahimtar da mai wurin abin da wannan tsari ba zai iya ba, tun kafin ranar rigima. Idan lokaci ya ja, zubi ɗaya ke saura a kowane wata, wato na ƙarshen watan. Fayil ɗin da aka ƙirƙira 5 ga wata aka goge shi 20 ga wata, bayan watanni ba za a same shi ba, don ba ya nan ranar da aka yi zubin da ya saura. Idan aikinku na da irin waɗannan fayiloli masu gajeren rai kuma masu muhimmanci, ka ƙara yawan zubin mako, ka sayi faifai mafi girma.

Lissafin girman faifai ba shi da wuya. A ce kuna da gigabayit 200 yau, kuma kullum ana ƙara rabin gigabayit. A shekara ƙarin ya haura 180, a shekara 7 ya kusa 1,300. Haɗa da na farko, terabayit ɗaya da rabi ke nan. Ka sayi mai terabayit 4, don ofis ba ya raguwa, kuma ranar da aka sayo sabuwar na'urar sikanin lissafin zai canja.

Mataki na 3: Injina da wurin zamansu

Saba ba sai mai tsada ba. Tsohuwar kwamfutar tebur mai lafiya, da Linux a kanta, da fayafai biyu masu juyawa da ke kwafin juna, ta isa. Kwafin junan nan, ko da ZFS aka yi ko da RAID 1, amfaninsa kawai kada mutuwar faifai ɗaya ta tsayar da aiki. Ba ajiya ba ce: abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Fayafan biyu kada su zama 'yan kwali ɗaya, don waɗanda aka ƙera tare aka kunna tare suna iya gajiya tare.

Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, kuma wannan nisan shi ne dalilin kai saba ta biyu can. Gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ba zai haɗa su ba. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma akwai masu hulɗa da kamfanin da suka rasa komai saboda ajiyarsu na zaune a harabar da ta ƙone. Idan ba ku da reshe a Daura, Funtua ko Dutsin-Ma ma sun yi. Ɗaki na biyu a gini ɗaya ne bai yi ba.

Abu uku ke kashe saba a ƙasarmu. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40: kada a kulle ta a sito marar taga, a ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata iska. Ƙurar hunturu: a buɗe a hure ta kafin hunturu da bayansa. Sai wuta. A jona ta a inbata ko UPS, kuma a saita ta ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya yi ƙasa. Manhajar NUT na yin wannan da yawancin UPS masu wayar USB.

Ga wani ƙaramin abu mai babbar ɓarna. Tsohuwar kwamfuta na da batirin agogo, ɗan zagayayyen nan CR2032. Idan ya mutu aka ɗauke wuta, injin na iya tashi da kwanan watan shekarun baya. Zubin da aka yi a haka zai ɗauki wannan kwanan wata, kuma tunda duk lissafin gogewa da kwanan wata yake aiki, za a ɗauki zubin jiya a matsayin tsoho. Canja batirin a duk injinan, har da kwamfutar ofis, ka kuma tabbatar suna daidaita agogo ta intanet.

Mataki na 4: Rumbun Katsina, mai karɓa ba ya bayarwa a goge

A sabar Katsina ka ɗora rest-server, abokiyar aikin restic da ke karɓar zubi daga wasu kwamfutoci, ka buɗe wa kwamfutar ofis suna da kalmar shiga, ka tayar da ita haka:

`rest-server --path /ajiya --append-only --private-repos`

Kalmar `--append-only` ita ce zuciyar wannan mataki. Kwamfutar ofis za ta iya ƙara sabon zubi, amma ba za ta iya goge tsoho ko canja shi ba. Ko ƙwayar cuta ta kama ta, ta sace kalmar shigar, iyakarta ta ƙara shara.

Daga kwamfutar ofis sai a buɗe rumbu da `restic init`, a yi zubi:

`restic -r rest:http://saba-katsina:8000/ofis backup D:\Aiki --use-fs-snapshot`

Ƙarin da ke ƙarshe na Windows ne, yana ba da damar ɗaukar fayil ko wani ya bar shi a buɗe. Ka saka umarnin a Task Scheduler, manhajar Windows mai gudanar da aiki da kanta a lokacin da aka saita mata. Lokacin da na fi so shi ne tsakanin Azahar da La'asar, ba tsakar dare ba, don da dare an kashe janareta an tafi gida, da rana kuwa sola na ba da wuta.

Idan manhajar lissafinku na zaune kan manhajar adana bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, kada ka kwashi fayilolinta kai tsaye tana aiki. Ka fara fitar da bayanan da `mysqldump` ko `pg_dump` zuwa folda, sannan restic ta ɗauki foldar.

Mataki na 5: Daura ce za ta jawo

Nan ake yawan kuskure. Mutum ya sa manhajar kwafi irin rsync ta riƙa kwafe foldar rumbun Katsina zuwa Daura tana goge abin da babu a tushe, ya ce ya gama. Madubi ya sake yi. Ranar da rumbun Katsina ya lalace ko wani ya goge shi, ɓarnar za ta isa Daura kafin gari ya waye.

Yadda ya dace shi ne Daura ta sami rumbunta daban, da kalmar sirrinta daban, kuma ita ce za ta shiga Katsina ta jawo. Katsina ba ta da mabuɗin Daura ko ɗaya. Tunda layukan waya galibi ba sa ba da adireshin intanet da za a iya kira daga waje, ka haɗa sabobin biyu da Tailscale ko WireGuard, manhajojin da ke buɗe keɓantacciyar hanya tsakanin kwamfutoci ta intanet.

Zubin farko kada ka tura shi ta intanet. Gigabayit 200 a kan layi mai tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci awa 44 ba tsayawa, ban da kuɗin data. Ka jona faifan waje a sabar Katsina ka buɗe rumbun Daura a kansa:

`restic -r /mnt/faifai/ofis init --from-repo /ajiya/ofis --copy-chunker-params`

`restic -r /mnt/faifai/ofis copy --from-repo /ajiya/ofis`

Kada ka manta da `--copy-chunker-params`. Shi ke sa rumbunan biyu su yanka fayiloli iri ɗaya, kuma a lokacin buɗe rumbu kaɗai ake saka shi, ba ya shiga daga baya. Ka ba direban ofis faifan ya kai Daura. Ba abin tsoro ko ya ɓata a hanya, don a kulle yake, muddin ba ka rubuta kalmar sirrin a jikin kwalin ba. A can a kwafe foldar zuwa `/ajiya/ofis`. Daga nan kullum sabar Daura za ta riƙa gudanar da:

`restic -r /ajiya/ofis copy --from-repo sftp:katsina:/ajiya/ofis`

Sabon abu kaɗai zai bi waya. Idan layi ya yanke kwana uku, ranar da ya dawo za ta jawo duk zubin da ta rasa. Ka lura cewa sabar Daura na riƙe kalmomin sirri biyu, nata da na Katsina, saboda haka ita ce ta fi cancantar ɗaki mai kwaɗo, kuma kada kowa ya yi lilon intanet a kanta.

Mataki na 6: Gogewa, inda hannu ya kamata ya yi sanyi

Kowace saba ita ke goge nata, daga cikinta. A Katsina:

`restic -r /ajiya/ofis forget --keep-within 30d --keep-weekly 8 --keep-monthly 12 --keep-tag rufe-shekara --dry-run`

A Daura:

`restic -r /ajiya/ofis forget --keep-within 60d --keep-weekly 12 --keep-monthly 36 --keep-yearly 7 --keep-tag rufe-shekara --dry-run`

Da `--dry-run` ba abin da zai gogu, jeri kawai za ka gani na abin da za a riƙe da dalilinsa, da abin da za a zubar. Ka karanta shi layi-layi. Sai ka gamsu sannan ka cire shi ka sa `--prune` a gurbinsa, wanda shi ne ke kwashe bayanan daga faifai da gaske. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma a lokacin da ba a zubi, don gogewa na kulle rumbun gaba ɗaya. Idan wuta ta yanke ana tsaka da ita, ka tabbatar ba wani aiki da ke gudana, ka yi `restic unlock`, sannan `restic check`.

Akwai tarkuna a nan da sai an daɗe ake gane su.

Lissafin Daura dole ya kai na Katsina ko ya fi shi a kowane layi. Idan Daura ta goge zubin da har yanzu yake Katsina, gobe `copy` zai sake jawo shi, jibi a sake gogewa, data na ƙonewa a banza.

Na zaɓi `--keep-within` maimakon `--keep-daily` da gangan. Wanda ya kama kwamfutar ofis ba zai iya gogewa ba, amma zai iya tura zubin bogi masu yawa da kwanan wata na ƙarya, su cike gurabe, sai lissafinka da kansa ya zubar da na gaskiya. `--keep-within` na riƙe duk abin da ke cikin wa'adin komai yawansa, wanda ke ba ka lokacin lura. Idan ka ga zubin da ba ka san da su ba, dakatar da gogewa a sabobin biyu tukuna.

Sannan restic na yin lissafinta rukuni-rukuni, bisa sunan kwamfuta da foldar da aka ɗauka. Idan an canja kwamfutar ofis ko sunan folda, tsohon rukunin zai tsaya cak da zubinsa na ƙarshe, ba zai ƙare da kansa ba, don `--keep-monthly 12` na nufin watanni 12 na baya da aka yi zubi a cikinsu, ba watanni 12 na kalanda ba. Wannan alheri ne ga makarantar da ta tafi dogon hutu. Amma ga bayanan da doka ta ce a zubar, sai ka bi su ka goge da hannu.

Alamar `rufe-shekara` kuwa: ranar da akawu ya rufe lissafin shekara, ko aka kammala sakamakon zango na uku, ka yi zubi na musamman da `--tag rufe-shekara`. Zubin shekara da manhajar ke zaɓa da kanta shi ne na ƙarshen Disamba, wanda ba lallai ya dace da shekarar aikinku ba. Mai alama ba ya goguwa sai ka cire masa ita.

Mataki na 7: Kwafi na uku, wanda ba ya jone da komai

Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 ta ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri. Ni ina ƙara cewa ɗaya ya kasance a cire. Fayafan waje biyu, kowane da rumbunsa, ana jona ɗaya a sabar Daura farkon wata a yi `copy`, a cire a kai gidan mai wurin, wata mai zuwa a kawo ɗayan. Faifai mai juyawa za ka saya. Filashi da SSD ba su dace da doguwar ajiya a durowa ba, don cajin da ke riƙe bayanansu na zurarewa idan sun daɗe ba wuta, kuma zafi na ƙara saurin hakan.

Mai hali na iya hayar ma'ajiya a intanet irin Backblaze B2 ko Amazon S3. Da dala ake biya, kuma ka karanta sharaɗi: ajin Glacier Deep Archive na Amazon, mai arha, yana cajin aƙalla kwana 180 ko ka goge da wuri, fito da fayil kuma na ɗaukar awanni. Bai dace da rumbun da ake gogewa kowane mako ba.

Mataki na 8: Dubawa da gwajin dawowa

Faifai na iya ruɓewa a ɓoye, fayil na nan da sunansa amma cikinsa ya lalace. `restic check` kaɗai tsarin rumbu yake dubawa. Don a karanta ainihin bayanan, a Janairu ka yi `restic check --read-data-subset=1/12`, a Fabrairu `2/12`, haka har Disamba. Shekara na ƙarewa ka karanta rumbun duka ba tare da ka wahalar da injin rana ɗaya ba. Mai ZFS ya ƙara da `zpool scrub` kowane wata, kowa kuma ya riƙa leƙa lafiyar faifai da `smartctl`.

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya har 5, amma da aka je ɗauka aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan ya cece su. Saboda haka duk wata uku ka ce wa akawu ya ambaci fayil ɗaya na bara, kowanne ya ga dama. Ka nemo shi da `restic find`, ka dawo da shi daga rumbun Daura zuwa wata folda daban da `restic restore`, shi kuma ya buɗe ya tabbatar lissafinsa ne. Sau ɗaya a shekara a dawo da komai a kan wata kwamfuta, a duba agogo, a rubuta awa nawa ya ci, don mai wurin ya san tsawon lokacin da ofis zai tsaya idan abin ya faru, Allah Ya kiyaye.

Ka kuma sa a riƙa sanar da kai idan zubi bai auku ba. Saƙon "an gama lafiya" kullum, bayan mako biyu ba mai karanta shi. Wanda ke da amfani shi ne wanda zai zo wayarka idan zubin ƙarshe a Daura ya wuce kwana biyu.

Mataki na 9: Kalmar sirri da sauyin hannu

Rumbun restic da aka rasa kalmar sirrinsa ya tafi, ba mai buɗe shi, har waɗanda suka rubuta manhajar. Shekara 7 kuma lokaci ne mai tsawo: mai kula da kwamfuta zai iya samun aiki a Abuja, faifan da ka saya yau zai tsufa. Da `restic key add` ka yi wa kowane rumbu mabuɗi na biyu na mai wurin. A rubuta shi da biro, tare da sunan manhajar, da inda kowane rumbu yake, da umarnin dawo da fayil, a sa a ambulan biyu, ɗaya a Katsina ɗaya a Daura. A ajiye kwafin manhajar restic kanta a kan fayafan waje, fayil ɗaya ce ƙarama. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a cire mabuɗinsa da `restic key remove`, a canja kalmomin shiga sabobin.

Fayafan sabobin kuwa kada ka jira su mutu. Ni daga shekara 4 zuwa 5 nake canjawa, ɗaya bayan ɗaya, ba duka a mako guda ba. Bayan an kwashe rumbu zuwa sabon faifai a yi `restic check --read-data` cikakke a kansa, kuma tsohon ya zauna a durowa wata uku da kwanan wata a jikinsa kafin a shafe shi.